Korona, 'Yan Siyasa da Limamai: Shaidar Wani Likita Daga Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani zargi da har yanzu nake ji a bakin wasu abokan aikina da wasu 'yan boko duk lokacin da hira ta biyo ta kan annobar korona. Zargin shi ne wai addini ne ya hana talakawanmu, musamman 'yan Arewa, yarda da cutar da kiyaye dokokin kare kai. Ni likita ne, Bahaushe, ina aiki a wani asibitin gwamnati a nan Legas, kuma na yi shekarun annobar ina kai-komo tsakanin ɗakin marasa lafiya da unguwannin mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12. Abin da na gani shi ne masallatai sun fi fadojin gwamnati biyayya ga dokar, kuma yardar talaka ta mutu ne a hannun waɗanda suka kafa dokar suka riga kowa take ta.

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas daga birnin Milan. An yi gwajinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, wato a maƙwabtaka da ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa na wannan birni, sannan aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba. Mu ma'aikatan lafiya a lokacin muna da ɗan ƙwarin gwiwa, domin muna tuna yadda aka shawo kan Ebola a 2014, lokacin da Dokta Ameyo Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, fita daga asibitin da ke Obalende, ta rasa ranta a kan haka, cutar kuma ta tsaya a kan mutum 20, takwas daga ciki suka rasu. Amma Ebola cuta ce da ba ta kama mutum sai ya taɓa ruwan jikin wanda ciwon ya riga ya bayyana a jikinsa, ita kuwa korona ta numfashi take bi, kuma mai ɗauke da ita yana iya yaɗa ta yana tsaye da ƙafafunsa a kasuwa bai san yana da komai ba.

Kafin a yanke wa mutanenmu hukunci, ya kamata a tuna halin da kulle ya same su a ciki. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan birnin, abin da ya raba dubban samarin Arewa da abin da suke ci. Ba su gama farfaɗowa ba Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da rufe Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris. Mai tura kurar ruwa da mai gyaran takalmi da ɗan dako a Mile 12 da mai shayi a bakin titi duk mutane ne da abincin darensu yake fitowa daga guminsu na rana, kuma da yawansu suna kwana ne su shida ko fiye a ɗaki guda, wasu a rumfar kasuwa, wasu a harabar masallaci. Aka ce musu su zauna a gida, su ba da tazara, su riƙa wanke hannu a ƙarƙashin ruwan famfo. Ban ga laifin shawarar ba ta fuskar likitanci, domin ni ma ita nake bayarwa, amma wanda ya tsara ta yana da falo da firji da albashin ƙarshen wata.

Daga nan aka fara kiranta cutar masu kuɗi. Abokan aikina suna jin haushin wannan magana, ni kuwa ina ganin talaka ya yi lissafi ne da abin da aka nuna masa. Sunayen da ya fara ji su ne na Gwamna Bala Mohammed na Bauchi da Gwamna Nasir El-Rufai na Kaduna da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Dalili kuwa a fili yake: a makonnin farko kayan gwaji kaɗan ne, kuma waɗanda suka dawo daga ƙasashen waje da waɗanda suka yi hulɗa da su ake fara yi wa. Babu wanda ya tsaya ya bayyana wa mai gadi a Ikeja cewa rashin jin sunan irinsa a rediyo yana nufin ba a gwada irinsa ba ne kawai. Da Malam Abba Kyari ya rasu a nan Legas ranar 17 ga Afrilu, Allah ya jiƙansa, aka kai shi maƙabartar Gudu a Abuja washegari, kowa ya ga hoton manyan mutane a cunkushe a bakin kabari, a daidai lokacin da ake korar talaka daga sahun salla. A cikin makon nan ne kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayyana cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar kulle, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe zuwa lokacin. A Agege da Abule Egba mutane sun kwana a titi suna ƙona taya suna gadin unguwa saboda tsoron 'yan daban da ake kira One Million Boys. Wanda yake tsakanin yunwa da kulki da ɓarawo, da wuya ƙwayar cutar da ba ya gani ta zama babbar damuwarsa.

Maganar kayan tallafi ita ta ƙarasa abin da ya rage. An yi ta shelar biliyoyin da gamayyar manyan 'yan kasuwa ta CACOVID ta tara, aka ce abinci na tafe. A unguwannin da na sani, abin da ya iso bai taka kara ya karya ba, kuma inda aka bi ta hannun shugabannin unguwa da na jam'iyya, baƙon da ba ya cikin rajistar kowa shi ne na ƙarshe a layi. Sai ga shi a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda, jama'a sun fasa wani katafaren sito a Mazamaza a nan Legas, suka tarar da buhunan shinkafa da garin rogo da katan-katan na taliya ɗauke da tambarin tallafin korona, irin haka kuma ta faru a Jos da wasu birane. Gwamnoni sun ba da uzurinsu, sun ce ana shirin rabawa ne ko kuma an ajiye don zagaye na biyu na cutar. Ko da uzurin gaskiya ne, ya zo bayan mutane sun yi azumi da salla cikin yunwa. Tun daga wannan mako, duk majinyacin da na ce wa ya sa takunkumi sai ya yi mini wani irin murmushi, wani ma ya ce, "Likita, ai kun ci kuɗinku, ku bar mu haka." Ƙari a kan haka, an yi gangamin zaɓen gwamna a Edo da Ondo da dubban mutane kafaɗa da kafaɗa, gwamnan Kogi na lokacin yana ta musun akwai cutar a jiharsa, sannan a Disamba, ana tsakiyar zagaye na biyu, gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa, jama'a suka yi dafifi a ofisoshin rajista tun asuba.

Ba zan ɓoye abin da ya faru ta ɓangarenmu ba. A kwanakin farko na kulle an yi hatsaniya a babban masallacin Agege tsakanin masallata da jami'an gwamnatin jiha, har aka rufe masallacin, kuma abin kunya ne. Akwai kuma masu wa'azin da suka cika wayoyin mutane da saƙonnin murya a WhatsApp suna cewa makircin Yahudu da Nasara ne don a hana Musulmi salla, alhali majami'u ma a rufe suke. Waɗannan sun yi ɓarna, kuma ina da yaƙinin akwai dattawan da suka mutu saboda sun saurare su. Amma a auna wannan da abin da mafi yawan Musulmi suka yi. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ta goyi bayan dakatar da taruwa. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, aka yi shi a Legas babu asham a jam'i, babu zaman tafsiri, babu i'itikafi, aka yi ƙaramar salla babu filin Idi. Masallatan Juma'a ba su buɗe ba sai ranar 7 ga Agusta. Wanda ya san matsayin sallar Juma'a a zuciyar Bahaushe ya san cewa barinta fiye da wata huɗu sadaukarwa ce da babu wani ɗan siyasa da ya yi kwatankwacinta.

Kuma ba tsoron 'yan sanda ne ya sa suka haƙura ba, domin 'yan sanda ba su isa su tsare kowane lungu ba. Sun haƙura ne saboda limamansu sun kawo musu hujja daga cikin addinin. An karanta musu hadisin da ya ce idan kuka ji annoba ta ɓarke a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita kuna gudunta. An ba su labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya ji labarin annoba ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. An tuna musu cewa annobar Amwas ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, waɗanda babu mai shakkar imaninsu, kuma Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. An nuna musu cewa tun zamanin Sahabbai ladan yakan ce a yi salla a gida saboda ruwan sama da taɓo, balle cuta mai kisa. Sannan suka ga hoton Ka'aba babu masu ɗawafi, suka ji an dakatar da Umra, aka yi Hajjin 2020 da 'yan tsirarun mazauna Saudiyya. Ni da kaina na lura cewa bayanin da zan yi na rabin awa a kan yadda ƙwayar cuta ke bin numfashi bai kai tasirin jumla biyu daga bakin limamin da mutum ya saba bi salla ba. Wannan bai ɓata mini rai ba. Limamin ya san sunan 'ya'yansu, shi ya ɗaura musu aure, kuma ba su taɓa ganin ya ɓoye shinkafarsu ba.

Inda muka fi yin asara shi ne batun mutuwa da jana'iza, kuma a nan nake son in ɗan daɗe. Abin da ya fi hana mutanenmu zuwa asibiti shi ne tsoron a kai su cibiyar killacewa su mutu babu mai laƙƙana musu kalmar shahada, a sa su a jakar leda, a binne su babu wanka babu salla. Bahaushen da ya zo ci-rani yana iya jure kowace wahala a Kudu, amma ba ya jure tunanin a wulaƙanta gawarsa a baƙon wuri. Saboda haka dattijo mai ciwon suga ko hawan jini zai kwanta a ɗaki ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da tazargade da citta, sai numfashi ya gagara a kawo shi. Mugun halin wannan cuta shi ne iskar oksijin tana iya raguwa ƙwarai a jinin mutum yana zaune yana hira bai ji wata shaƙewa ba, sai mun maƙala masa na'ura a yatsa mu ga lambar ta faɗi ƙasa da 90, wani lokaci ƙasa da 80. Tun watan Yunin 2020 binciken da aka yi a Ingila ya nuna cewa dexamethasone, magani mai arha da ake samu a ko'ina, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi, yana kuma taimakon masu buƙatar oksijin. Wato akwai abin da za mu iya yi wa mutum idan ya zo da sauran ƙarfinsa. A watan Janairun 2021, da zagaye na biyu ya tsananta, buƙatar oksijin a Yaba ta ninka sau da yawa, kuma waɗanda suka zo a makare su suka fi tafiya.

Alhali fiƙihu yana da amsar wannan tsoro tun da daɗewa. Malamai sun yi bayanin abin da ake yi idan wankan gawa ya gagara ko zai cutar da mai wankan, akwai zuba ruwa ba tare da cuɗawa ba, akwai taimama, kuma sallar jana'iza farilla ce da mutane kaɗan suke ɗauke wa sauran. Da a makon farko an zaunar da limaman Agege da Idi-Araba da Alaba Rago tare da likitoci, an amince da tsari guda, an koya wa masu wankan gawa na kowace unguwa sa rigar kariya da safar hannu, aka kuma sanar da haka daga kan mumbari, da an cire wa mutane babban abin da ke tsare su a ɗaki. Maimakon haka yawancin sanarwar da Turanci da Yarbanci take zuwa, ana jero alƙaluma kowane dare, mutanenmu kuma suna samun labarinsu daga waya. A cikin watan Afrilun 2020 wayar ba ta kawo komai sai rasuwa daga Kano, inda masu haƙar kabari suka riga hukuma sanar da cewa ana mutuwa fiye da ƙima. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace kusan dubu, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Mutum yana Legas iyayensa suna mutuwa a Kano, hanya a rufe, sai ya ɓuya a bayan motar kayan abinci ya tafi ta'aziyya. Haka gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci suna mayar wa juna, wasu yaran ɗauke da cutar, kowane gwamna yana neman rage adadin jiharsa.

Da rigakafi ya iso ranar 2 ga Maris 2021, kusan allura miliyan huɗu ta AstraZeneca ta hanyar COVAX, shirin duniya na raba rigakafin ga ƙasashe, aka sake cewa 'yan Arewa sun ƙi saboda addini. Wanda ya faɗi haka ya manta da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Abin da ya warware waccan matsala shi ne shigar sarakuna da malamai cikin aikin gida-gida, har ranar 25 ga Agustan 2020, ana cikin korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Darasin yana hannunmu, ba mu yi aiki da shi a kan lokaci ba. A Disamban 2021 kuma jama'a suka ga an lalata allura fiye da miliyan ɗaya a juji a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare, domin ƙasashe masu arziki sun riƙe su sai da suka kusa lalacewa suka ba mu sadaka. Duk da haka, da Saudiyya ta sa rigakafin korona cikin sharuɗɗan Hajjin 2022, maniyyata sun miƙa hannu aka yi musu ba gardama, kamar yadda suka saba karɓar na sanƙarau da na shawara.

Mu ma'aikatan lafiya mun fara wannan aiki ne ana biyan mu naira 5,000 a wata a matsayin alawus na kasada, har likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a watan Yunin 2020 saboda ƙarancin kayan kariya. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron kuwa ta daɗe tana yawo a wajen kashi biyar. Da aka rufe filayen jirgi na 'yan watanni, manyanmu suka ɗanɗana asibitocin gida, na yi zaton za a ga canji. Ana buɗe hanya suka koma Landan da Dubai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, kuma a hukumance mutum dubu uku da ɗoriya ta kashe a Najeriya, adadin da duk likitan da ya yi aiki a lokacin ya san bai kai na gaskiya ba. Tun daga nan mun ga mashaƙo ta kashe yara a Kano a 2023 saboda ƙarancin rigakafi, mun ga kwalara a Legas a tsakiyar 2024. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jihar Legas da ta kafa zama na dindindin da sarakunan Hausawa da limaman unguwanninmu yanzu da babu tashin hankali, ta ɗauki ma'aikatan lafiya masu jin Hausa a ƙananan asibitocin Agege da Mushin da Ketu da Ojo, kuma duk tallafin da za a raba nan gaba a karanta adadinsa a masallaci da coci kafin motar ta iso. Su kuma malamanmu, ina roƙon su zauna da mu likitocin da muke bin su salla mu rubuta ƙa'idar jinya da wankan gawa da jana'iza a lokacin annoba, da Hausar boko da ajami, a ajiye kwafi a kowane masallacin Juma'a, a kuma horar da masu wankan gawa maza da mata a kowace unguwa. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Arewa da dama a wannan birni da za su ba da ranakun hutunsu domin wannan aiki idan aka kira su, ni ma ina cikinsu.

Wassalam.

Naka,
Wani likita mazaunin Agege, Legas